Abin da mai ƙunshi ke gani

Shekarata 14 ina yi wa mata ƙunshi a Marwa, arewacin Kamaru, a ɗan ɗakin da ke kusa da zauren gidanmu, can wajen Domayo. A hannun goggona na koyi sana'ar, ita kuma a hannun kakarmu da ta taso daga Kano tun kafin a haifi babana. Wanda bai san aikin ba gani yake kwalliya ce kawai. Amma mace idan ta miƙo hannu da ƙafa, na manna salatif, na shafa lalle, na ɗaure da leda, to ta zauna ke nan sai bayan awa uku ko huɗu. Ba ta ɗaga waya, ba ta tashi, ko ƙuda ba ta iya korewa. Baki kaɗai ya rage mata. Ko bakin ya ƙi magana kuma, fata ba ta iya ɓoyewa, domin ni ce mai naɗe hannun riga, ni ce mai ɗage zane zuwa gwiwa.

Na ga shatin wayar wuta a ƙwaurin amarya da ko wata uku ba ta yi a ɗaki ba. Na ga ɗan yatsa da ya karye ya haɗe a karkace don ba a kai shi wurin ɗori ba. Na ga ƙuna a gadon hannu, mai ita ta ce gawayi ne ya yi tsalle, alhali ni da ita mun san gawayi ba ya barin zagaye irin na bakin dutsen guga. Shekaru da yawa abin da nake cewa bai wuce abin da kowa ke cewa ba: "Sannu, Allah ya kyauta, a dai yi ta haƙuri." Maƙwabtanmu Fulani su ce munyal. Sai in zana fure a kan tabon ya ɓace, a biya ni, a tafi.

Wata yarinya ce ta raba ni da wannan shirun. Ba zan faɗi sunanta ba, kuma sai da na nemi izininta kafin in rubuta wannan. Adda take kirana, ni kuma ƙanwata nake ce mata, duk da ba mu haɗa jini ba.

Lokacin sanyi ne, ana hazo, kowa ya lulluɓe, amma ita gumi ke tsattsafo mata a goshi. Ta zo ƙunshin bikin ƙanwar mijinta. Na gama ƙafa lafiya, da na zo hannu sai layi ya ƙi miƙewa, domin yatsunta rawa suke kamar ganyen darbejiya. Na goge, na sake, na goge. Da ƙyar na ɗaure hannun. Ba a yi rabin awa ba ta fara hamma, hawaye na zuba, tana murza ƙafafu cikin leda. Can ta dube ni ta ce, "Adda, don girman Allah ki kwance bakin zanena, akwai magani, ki sa min ɗaya a baki." Na ɗauka na ciwon kai ne. Da na kwance ƙullin sai ga ɗan yankin kati, ƙwaya uku ta rage a ciki, an buga 225 a bayansa. Duk wanda ke Marwa ya san wannan lambar. Tramol ne.

Na daɗe riƙe da shi a tafin hannuna. Ta ce, "Idan ban sha ba ba zan iya tashi daga nan ba, kuma idan na makara kin san abin da zan tarar." A lokacin ban san komai game da ita ba, amma na riga na ga bayan ƙafarta. Na ɗebo ruwa a randa, na sa mata ƙwayar a baki, na riƙe mata kofin. Har yau idan na tuna zuciyata ba ta kwanciya. Da jikinta ya lafa, sai ta fara ba ni labari, idonta a kan ledar hannunta.

Mutanen wani ƙauye ne kusa da Kolofata. A 2015, shekarar da Boko Haram suka matsa wa yankin Mayo-Sava har bama-bamai suka tashi a cikin Marwa kanta a watan Yuli, suka gudo da dare, ita da uwarta da ƙannenta, babansu bai fito ba. Suka raɓa a Mora, daga baya suka ƙaraso nan. Tana da shekara 16 aka ba ta wani ɗan kasuwa da ke biya musu kuɗin haya. Dukan ya fara tun tana da cikin fari. Ranar da ya sa ƙafa ya hamɓare ta a haƙarƙari, ta kwana uku ba ta iya ɗaga taɓarya, ga ɗiban ruwa, ga girki, ga goyo. Wata maƙwabciya, da niyyar taimako, ta ɓallo mata rabin ƙwaya. Ciwo ya tafi, aiki ya yiwu. Abin da ya fi kama ta ma ba wannan ba ne. Ta ce tun daren da suka gudo, da ta rufe ido ƙarar babura take ji suna shigowa gari, amma ranar da ta sha sai kanta ya yi tsit. Rabi ya zama ɗaya, ɗaya ya zama uku, har ta kai biyar a yini.

Mu a nan, idan aka ce tramol, 'yan kilando muke hangowa, masu acaba ke nan, da masu dako da samarin bakin tasha. Ba wanda ke kawo matar aure a ransa. Asalinsa kuwa maganin asibiti ne mai suna tramadol, dangin su kodin, ana ba wanda aka yi wa tiyata ko mai ciwo mai tsanani, ƙwayar miligiram 50 ko 100, kuma likitoci ba sa wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a tire da jakar masu tallan magani, mai 120 da 200 da 225, yawancinsa daga Indiya ake shigo da shi ta ɓarauniyar hanya. Ƙanwata da ke shan biyar masu 225 ta haura 1,000 ke nan kullum. Yadda ƙwayar nan ta cika ƙasarmu, har masu bincike sun taɓa shelar cewa sun gano tramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru a 2013, aka yi ta murna an samu itace mai haifar da magani. Shekara guda bayan haka wasu masana daga Jamus suka bi sawu, suka ce ba itacen ba ne: manoma ne ke sha, suna kuma ɗura wa shanun huɗa don su jure rana, fitsarin mutum da na dabba ya ratsa ƙasa har ya kai saiwa. Abin da ya kai saiwar itace a daji, ta yaya za a ce katangar gidan aure ta tare shi?

Wata biyu bayan wannan rana ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, tana kakkafewa, kumfa a baki. Yawan tramol na kawo farfaɗiya, amma mutanen gidan ba su san tana sha ba, sai aka ce iska ce. Aka kai ta wurin wani dattijon malami don ruƙiyya, uwarta ta aiko a kira ni. Ina girmama malamin nan har gobe. Ya yi karatunsa ya gama, ya tofa mata, sannan ya sa matarsa ta shiga da ita ɗaki ta duba jikinta. Da matar ta fito ta raɗa masa abin da ta gani, sai ya kira kawun yarinyar gefe, ni ina jin su ta bayan zana. Ya ce masa, "Malam, addu'a mun yi kuma za mu ci gaba. Amma abin da ke taɓa yarinyar nan da ƙafa biyu yake tafiya, kuma kun san gidansa." Ya tuna masa ayar Baƙara da ta hana a riƙe mace don a cutar da ita, ya tuna masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa ɗaga hannu ya doki mace ba. Ya ce a kai ta asibiti a ranar.

Daga nan ne na san abin da ake nufi da neman taimako, domin ni na raka ta ƙofa ƙofa.

A asibitin da muka fara zuwa an duba haƙarƙarin, an rubuta magani. Da na faɗa wa ma'aikacin maganar ƙwaya, sai fuskarsa ta canza, ya yi mata faɗa da Faransanci a gaban layin mutane, ya ce ta daina kawai. Ita ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, ba ta ji ko kalma guda ba, amma ta gane sautin. A wurin 'yan sanda aka ce sai da takardar likita mai shaidar rauni, takardar kuma kuɗi ake biya, kuɗin kuma a aljihun wanda ya yi raunin yake. Aka tambayi katin ɗan ƙasa, ba ta da shi, don ba ta da takardar haihuwa, kamar dubban 'ya'yan ƙauyukanmu. Aka tambayi takardar aure. An ɗaura aurenta a masallaci da goro da shaidu, amma ba a rubuta shi a ofishin magajin gari ba, a idon dokar Kamaru kuwa auren da aka rubuta shi ne aure. Ga wani tsoro a kan wannan duka: dokar 1997 kan miyagun ƙwayoyi tana hukunta mai sha ma, ba mai sayarwa kaɗai ba. Mijin ya gane haka. Da labari ya kai masa, abin da ya aiko a faɗa mata shi ne, ta je duk inda za ta je, shi zai ce 'yar ƙwaya ce, mahaukaciya, a ga wanda zai bar mata yara.

A nan ne hankalina ya tsaya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Duka da ƙwaya da ciwon zuciya a jiki ɗaya suka taru, kowanne ya haifi ɗan'uwansa. Dukan ya kai ta ga ƙwaya, ƙwayar ta zama sandar da za a ƙara dukanta da ita, firgicin da ta taso da shi daga ƙauye yana ƙarƙashinsu duka. Amma masu taimako kowa da nasa yanki. Mai duba rauni ba ruwansa da ƙwaya, mai maganar ƙwaya samari ya sani, mai karɓar ƙara takarda yake jira. Macen da tsallaka titi ma yake mata wuya, ita ake so ta haɗa waɗannan ƙofofi da ƙafarta, da kuɗin kilando da ba ta da shi, da yaren da ba ta ji, a cikin awa biyun da aka ba ta izinin zuwa "gaida mara lafiya".

Wata mai zuwa ƙunshi wurina, malamar makaranta, ita ta kwatanta mana ɗaya daga cikin cibiyoyin sauraron mata da ke garin nan. Na shiga ina ɗari-ɗari, don na gaji da kujerun jira. Matar da ta karɓe mu ta rufe ƙofa, ta ajiye biro, ta gaishe ta da Fillanci, da ta ji Hausa ta fi zama a bakinta sai ta juya Hausa. Tambayarta ta farko ita ce, "Kin ci abinci yau?" Ta biyu, "Ina za ki kwana daren nan, kuma ya san wurin?" Har muka tashi ba ta ce "me kika yi masa" ba, tambayar da kowa ya fara da ita, har uwar da ta haife ta. Da maganar tramol ta fito, ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ba ke ce ta farko ba, ƙanwata. Nawa kike sha? Faɗa min gaskiya don kada a yi miki maganin ƙarya." Sannan ba ta ba mu takarda ta ce mu je can ba. Ta ɗauki mayafinta ta bi mu. Ita ta tsaya aka yi takardar likita, ita ta san ofishin da ake bi a nemo takardar haihuwa ta hanyar kotu, ita ta haɗa mu da wani nas da ya karanci lafiyar ƙwaƙwalwa.

Irin wannan aiki ba daga sama ya faɗo Marwa ba, mata ne 'yan ƙasar nan suka kafa shi da wahala. Aissa Doumara Ngatansou, wadda ita kanta aka aurar tana da shekara 15, tana cikin waɗanda suka buɗe reshen ƙungiyar ALVF mai yaƙi da cin zarafin mata a nan Marwa a 1996, kuma ranar 8 ga Maris 2019 ita ce ta fara karɓar lambar Simone Veil a Faransa. Marthe Wandou, 'yar Kaele, ta kafa ALDEPA a 1998 don kare 'yan mata da karatunsu, aka ba ta lambar Right Livelihood a 2021. Ma'aikatar mata da iyali ma tana da cibiyoyinta inda ake koyar da ɗinki da sauran sana'o'i, akwai kuma ofisoshin jin daɗin jama'a. Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne, shekara da shekaru ina wucewa ta gaban irin waɗannan allunan a kan babur, ina ɗauka na 'yan boko ne da matan ma'aikata.

A wurin matar nan na fara jin cewa dokar laifuka ta 2016 ta canza abubuwa. Sashe na 356 ya haramta aurar da yarinya ko yaro da bai kai 18 ba, ya kuma haramta auren dole. Wanda ya yi fyaɗe ba ya tsira don ya auri wadda ya yi wa, kamar yadda yake a da. Korar mace daga gidan aurenta ba tare da hukuncin kotu ba ya zama laifi. Sai dai har yanzu babu doka ta musamman a kan dukan cikin gida, sai a bi ta sassan rauni na gama-gari, shi ya sa takardar likita take da nauyi haka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan mace 4 cikin 10 a Kamaru ta taɓa shan duka tun daga shekara 15. Ni da nake naɗe hannun riga, adadin bai ba ni mamaki ba.

Nas ɗin nan shi ya fara gaya mana cewa "ki daina kawai" shawara ce mai haɗari. Jikin da ya saba da tramol idan aka yanke masa rana ɗaya, sai ciwon gaɓoɓi, gudawa, gumi, rashin barci da wani irin tsoro mara dalili su taso gaba ɗaya, mutum ya koma da gudu, wani lokaci ya sha fiye da da. A hankali ake ragewa, da lissafi, ƙarƙashin idon ma'aikacin lafiya. Ni aka ba ajiyar maganin, a cikin gwangwanin da nake zuba salatif, kullum da safe in ƙirga in ba ta. Ya kuma ce mata abin da take ji, ƙarar babura da faɗuwar gaba da jin cewa gara ta mutu, ciwo ne mai suna, yana kama waɗanda suka ga tashin hankali, kuma ana warkewa. Ta tambaye shi, "Wato ban haukace ba?" Ya ce, "Ba ki haukace ba." Ta sa mayafi ta rufe fuska ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Mun yi sa'a da muka same shi. Manyan likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, yawancinsu suna Yawunde da Duwala, a asibitin Jamot da Laquintinie. Daga Marwa zuwa Yawunde ya haura kilomita 1,000, sai ka yi yini a mota zuwa Ngaundere, ka kwana a jirgin ƙasa. Wace matar aure ce za ta yi wannan tafiya a ɓoye?

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Babban giɓin da na gani shi ne wurin kwana. Mace ta yanke shawara da tsakar dare, da goyo da ɗan yaye, ina za ta nufa? Gidan iyaye, inda gobe da hantsi za a zo biko a mayar da ita da turmin atamfa? Ƙanwata a ɗakin innata ta kwana wata biyu, kuma sai da innata ta tsaya a bakin zaure da kanta ta ce wa masu bikon, "Baƙuwata ce, ba ta fita sai ta warke." Ba kowace mace ke da tsohuwa irin wannan a bayanta ba. Na biyu, yawancin taimakon nan da kuɗin ƙungiyoyin waje yake tafiya, na shekara ɗaya ko biyu. Kuɗi ya ƙare, ma'aikaciyar da mace ta saba da ita ta tafi, sai a sake labari daga farko a gaban baƙuwar fuska. Na uku, duk wa'azi da faɗakarwar da ake yi kan ƙwaya da samari ake yi. Ban taɓa jin an tara mata a islamiyya an yi musu maganar tramol da maganin barci da na tari da ke yawo a gidajen biki ba, alhali suna nan cikin jakunkuna. Kowace shekara daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba ana kwana 16 na gangami, a yi maci da riguna masu rubutu. Ina so a ci gaba da yi. Amma da za a ba ni zaɓi, da kuɗin rigunan an kama ɗaki biyu masu ƙofar ƙarfe da mai gadi.

Yanzu a bangon ɗakina, ƙasa da madubi inda mai zaune kan tabarma za ta gani, na rubuta 117 na 'yan sanda da 113 na jandarma, da kwatancen cibiyar. Ba na yi wa kowa wa'azi. Idan na ga tabo, sai in jira ɗakin ya rage mu biyu, in ce, "Na gani. Idan kina so, akwai inda zan raka ki." Wasu su yi dariya su ce faɗuwa suka yi, in ce to. Wata sai bayan wata shida ta dawo, ba biki ba suna, ta ce ƙunshi take so. Abu ɗaya ne nake faɗa ko ba a tambaye ni ba, musamman ga iyaye mata: yarinyar da aka yi wa fyaɗe a kai ta asibiti kafin awa 72, don a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma har kwana 5. Zaman sulhu da kiran dangi duk za su iya jira, wannan ba ya jira.

Auren ƙanwata ya mutu, bayan an kai ruwa rana a gaban alƙali da dattawa. An bar mata 'yar ƙaramar, uban ya riƙe namijin. Ranar da aka zo aka tafi da yaron, ta fita da magariba ta sayi ƙwaya biyu ta sha. Da safe ita da kanta ta kawo min katin da ba komai a ciki ta ajiye a gabana. Muka koma wurin nas, bai yi faɗa ba, ya sake lissafi daga inda aka tsaya. Wata bakwai ke nan rabonta da tramol.

Tare muke aiki yanzu. Ita ke tankaɗe lalle ta kwaɓa, ita ke yanka salatif, ita ke yin ƙafa, domin hannun bai gama daina rawa ba, zanen fure kuwa ba ya son rawa. Ranar Asabar da ta wuce wata mata ta zo da 'yarta mai shekara biyar, yarinyar ta nace ita ma sai an yi mata. Hannuna a cike yake, sai na miƙa wa ƙanwata ledar zane. Ta dube ni, na kau da kai na ci gaba da aikina. Ta kama ɗan hannun ta ɗora a gwiwarta, ta ja numfashi, ta fitar da ganye biyar, ɗaya ya ɗan fi sauran kauri. Yarinyar ta ɗaga hannu tana nuna wa uwarta. Ranar Alhamis muna da ganin nas da ƙarfe tara, ta ce wannan karon in zauna in kula da masu ƙunshi, ita kaɗai za ta hau kilando ta je.